Kwatar Garhi, Ranar Laraba

Buhun taki bakwai Kawu Nomau ya farke,
ya ɗinke su da zaren lilo a gindin marke,
ya ɗaura wa gora, ya kafa a ƙirjin jirgi.
Zanen iska, haka yake ce masa.
Rubutun kamfani yana nan, kai a ƙasa.

Shekara uku ina kwarfar ruwa da ƙoƙo a Zobe
kafin ya ce, "Ilu, dawo baya ka zauna."
Ya miƙo mini matuƙi,
wanda tafin hannunsa ya cinye wa gefe.

Mun juyo da la'asar, karfasa rabin jirgi,
tarwaɗa biyu suna ta mari a ƙarƙashin koma.
Iskar gabas ta cika buhu har ya yi tumbi,
ruwa yana tsagewa kamar sabon alawayyo.
Wallahi na ji daɗi. A nan ne na ɓata.

Ya ce, "Tsakiyar ruwa ta kowa ce,
ko akuya ka ba ta za ta tuƙa.
Gaɓa ce ke tambayar sunan ubanka.
Ka sauke tun hayaniyar kwata tana kamar ƙudan zuma.
In ka fara rarrabe muryoyi, ka makara.
Iska ba ta da birki."

Na ji shi. Amma kwata ta cika,
kuma ina so a ga wanda ke riƙe da matuƙi.

Jirage sun fi talatin, hanci a laka, gindi a ruwa,
kamar takalma a ƙofar masallacin Juma'a.
Dillalan Dutsin-Ma sun naɗe wando zuwa gwiwa.
Shanun wani sun shigo sha ta hagu.
Mai inji yana ja da baya, bai waiwaya ba.
Sai na ji Tabawa mai suya, ras,
tana cewa ɗari biyar ba ta saye.
Kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba.

Na kai hannu ga igiya.
Ƙullin ya sha ruwa, ya kumbura, ya ƙi.
Na sa farce. Na sa haƙori.

A ɗan ratar da na zaɓa tsakanin jirgi da jirgi
akwai wani abu baƙi yana lilo,
na ce gorar masunta ce.
Gorar ta juyo, tana da idanu.
Yaro ne, bai kai kaciya ba, yana dariya.

Kawu bai yi salati da ƙarfi ba, bai zage ni ba.
Wuƙar gyaran kifi kawai na gani,
sau ɗaya.
Buhu bakwai suka faɗi a ruwa ta dama,
suka sha, suka yi nauyi, suka ja mu gefe
kamar an fizgi jaki da kunne.
Hancinmu ya bar yaron da kamu ɗaya,
ya shiga haƙarƙarin jirgin Barau.
Katako ya yi ƙara. Kwata ta yi tsit.
Har shanun sun ɗaga kai.

Kifin sati uku muka biya Barau.
Uwar yaron ba ta taɓa sani ba,
ko ta sani ta bar wa Allah.
Da dare Kawu ya shimfiɗa buhunan a kan danga,
ya ce in nemo zare. Iyakar faɗan ke nan.

Yanzu idonsa ya tafi, yana zaune gindin marke.
Yana gane ni, in ji shi, tun daga nesa:
ni ne mai saukewa da wuri,
mai shigowa da hannu, a hankali, ina zufa,
samari suna wuce ni da buhu a cike,
suna kirana Tsohuwa.

Ƙullina kuwa zarge ne, ja ɗaya.
Wuƙar tana ƙarƙashin cinyata ta dama.